Dabarun Jan Rai a Fim Ɗin Hausa na Kasuwa: Nazarin Salon Aminu Saira a Cikin Labarina

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1990, lokacin da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa da ke Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, fim ɗin Hausa ya tashi ne a matsayin haja. Bai samu irin gatan da Shaihu Umar ya samu ba, wanda Adamu Halilu ya ba da umarninsa a 1976 da kuɗin gwamnatin tarayya. Duk wanda ya zuba dukiyarsa a wannan sana'a jira yake ya ga uwar kuɗi ta dawo, ta kuma zo da riba. Nazarce-nazarcen da aka yi a kan waɗannan fina-finai, musamman ayyukan Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin, sun yi bayani mai gamsarwa game da tasirin fina-finan Indiya, da yanayin kasuwa, da kuma taƙaddamar da ake yi a kan tarbiyya da al'ada. Sai dai har yanzu akwai buƙatar a dubi aikin mai ba da umarni shi kansa, wato dabarun da yake bi ya zaunar da mai kallo wuri ɗaya, ya kuma sa shi ya dawo a mako mai zuwa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayanin ɗaya daga cikin waɗannan dabaru, wato jan rai, ta hanyar duban salon Aminu Saira a cikin fim mai dogon zango mai suna Labarina. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, a fim ɗin Hausa, harshe da ɗabi'un magana na Bahaushe su ne ginshiƙin jan rai, kuma a nan ne fasahar mai ba da umarni take haɗuwa da buƙatar kasuwa, wani lokaci su tafi tare, wani lokaci kuma su yi hannun riga.

2.0 Ma'anar Jan Rai

Kafin a shiga cikin nazarin, ya kamata a rarrabe tsakanin abubuwa uku waɗanda masu sharhi kan cuɗa su wuri ɗaya. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, an shirya shi ne kafin sana'ar fim ɗin bidiyo ta kafu, don haka aikin daidaita kalmomin nazarin fim yana nan yana jiran masana. A wannan maƙala za a yi amfani da kalmomin kamar haka:

(a) Ba-zata: abin da ya auka wa mai kallo da tauraron labari a lokaci guda, ba tare da wata alama ta gabace shi ba.

(b) Ɗaure kai: inda aka ɓoye wa mai kallo wani sani, aka bar shi yana laluben wanda ya aikata abu ko dalilin aikata shi.

(c) Jan rai: inda aka ba mai kallo sanin da tauraron labari bai da shi, sannan aka jinkirta ranar da gaskiya za ta yi halinta.

Wanda ya fi shahara wajen fayyace wannan bambanci shi ne Alfred Hitchcock, ɗan Ingila wanda ya yi mafi yawan aikinsa a Amurka, ya rasu a 1980. A hirar da François Truffaut na Faransa ya yi da shi a 1962, wadda ta fito a littafi a 1966, ya kawo misalin mutane suna hira a kan tebur alhali akwai bam a ƙarƙashinsa. Idan bam ɗin ya tashi ba tare da mai kallo ya san da shi ba, an samu firgita ta ɗan lokaci kaɗan. Idan kuwa an nuna wa mai kallo lokacin da aka dasa shi, aka kuma nuna masa agogo, to, hirar banza da mutanen ke yi sai ta zama abin da ba ya iya kawar da ido daga kansa. Hitchcock ya aiwatar da wannan a fim ɗinsa Rope na 1948, inda baƙi ke cin abinci daga kan akwatin da mai kallo ya san akwai gawa a ciki. Abin lura kuma shi ne, Hitchcock ɗan kasuwa ne a sana'arsa, kuma an daɗe ana ɗaukar sa mai nishaɗantarwa kawai kafin masu sharhi na Faransa su nuna cewa neman kasuwa bai hana aiki ya zama na fasaha ba.

3.0 Tushen Jan Rai a Adabin Hausa

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. A tatsuniya, yaran da ke sauraro sukan san makircin da Gizo ya ƙulla tun kafin Kura ko Zaki su faɗa cikinsa, kuma daɗin tatsuniyar yana cikin jiran yadda za ta kaya. A rubutaccen adabi kuwa, littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta aka buga a 1937, an gina shi ne kacokan a kan jan rai. Mai karatu ya san Waziri ya ci amanar Sarki Abdurrahman, ya kuma san abin da ke jiran Musa idan ya fita daga gida. Musa kuwa bai sani ba. Saboda haka kowane labari da Aku ya kawo yana da aiki biyu: yana nishaɗantarwa, yana kuma sayen lokaci har gari ya waye. Makamin Aku a nan magana ce kawai.

Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, sai aka ƙara wani abu a kan wannan gado, wato rarraba labari ɗaya zuwa littafi na ɗaya da na biyu da na uku, a yanke kowanne a daidai inda mai karatu ba zai iya haƙura ba. Masu fim sun ɗauki wannan tsari kai tsaye, domin da yawa daga cikinsu marubuta ne tun asali, kamar Ado Ahmad Gidan Dabino wanda aka mayar da littafinsa In Da So Da Ƙauna zuwa fim. Ta haka aka saba da fitar da fim kashi na ɗaya da na biyu a kasuwar Ƙofar Wambai. Ke nan jan rai ya shigo fim ɗin Hausa ta ƙofa biyu, ta gadon adabi da kuma ta lissafin ɗan kasuwa.

4.0 Salon Aminu Saira

Aminu Saira mutumin Kano ne, kuma ya yi suna tun zamanin faifai da fina-finai irin su Jamila da Jamilu, da Ga Duhu Ga Haske, da Ashabul Kahfi. Bayan da satar fasaha da tura fim a waya suka durƙusar da kasuwar faifai, sai masana'antar ta koma ga fina-finai masu dogon zango. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta share hanya da Daɗin Kowa, daga baya kuma Kwana Casa'in a 2019. A shekarar 2020 ne Saira ya fara sakin Labarina duk ranar Juma'a, a wannan tasha da kuma YouTube, bisa labarin da Ibrahim Birniwa ya rubuta. Ana iya karkasa dabarunsa na jan rai kamar haka.

4.1 Fifita Mai Kallo da Sani

Labarin farko na shirin ya ginu ne a kan Sumayya, 'yar talakawa, wadda ta tsinci kanta tsakanin masoya masu bambancin hali da abin hannu, cikinsu har da Mahmud da Presido da Lukman. Irin wannan jigo na soyayya tsakanin mutum uku ko fiye tsohon abu ne a fim ɗin Hausa. Abin da ya ba shi sabon rai shi ne yadda ake zagayawa da mai kallo gida-gida, ya ji abin da kowa ke faɗa a bayan idon ɗan'uwansa. Baba Ɗan Audu, wanda Rabi'u Rikadawa ya fito a matsayinsa, shi ne babban misali. Mai kallo ya riga ya san son abin duniyarsa da iya ƙulle-ƙullensa, don haka duk lokacin da ya buɗe baki yana rantse-rantse a gaban wanda bai san shi ba, dariya da fargaba sukan zo wa mai kallo tare.

Dabarar ta fi fitowa fili a sabon labarin da aka shiga daga 2023, inda Sadiq Sani Sadiq ya fito a matsayin Alhaji Mainasara, attajirin da ya ɓoye dukiyarsa ya shiga rigar talauci domin ya gane mai ƙaunarsa tsakani da Allah. A nan dukiyar Mainasara ita ce bam ɗin da ke ƙarƙashin tebur. Duk wulaƙancin da aka yi masa, da duk alherin da Maryam ta yi masa, mai kallo yana auna su da ma'aunin da mutanen cikin labarin ba su da shi. Tambayar da ke ransa ita ce yaushe asiri zai tonu, kuma da wane ido waɗanda suka guje shi za su dube shi.

4.2 Kunya da Kawaici

Kowane labari mai jan rai yana buƙatar dalilin da zai hana a faɗi gaskiya da wuri, domin in har jimla ɗaya za ta warware matsala, dole ne mai kallo ya gamsu da abin da ya hana a furta ta. A fina-finan Turai sau da yawa ana neman wannan dalili daga waje, kamar yankewar waya ko tsoron makami. Mai ba da umarni Bahaushe kuwa yana da shi a cikin al'ada. A laccarsa mai suna Mutumin Kirki, wadda aka buga a 1974, Kirk-Greene ya lissafa kunya da haƙuri da ladabi cikin siffofin da Bahaushe ke auna mutum da su. Waɗannan siffofi su ne suke ɗaure harshen taurari.

A ɗauka alal misali uba ya kira 'yarsa a gaban mahaifiyarta ya ce, "Ke nake sauraro, wa kike so a cikinsu?" Ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, duk wanda ka zaɓa mini ya yi." Mai kallo wanda ya ga hawayenta a ɗaki ya san amsar ba ita ce ke zuciyarta ba, ya kuma san ba za ta iya cewa komai bayan wannan ba, in dai ana so ta ci gaba da zama 'yar kirki a idonsa. Haka nan uwa mai alkunya ga ɗan fari ba za ta fito fili ta kare shi ba, yaron gida ba zai tona asirin maigidansa ba, suruki kuma ba zai yi musu da surukinsa ba. Saira yakan gina fitowa a kan irin wannan matsi, ya zaunar da mai sani da marar sani a tabarma ɗaya, sannan ya bar ladabi ya hana maganar fita. Jinkirin da aka samu ta wannan hanya mai kallo ba ya jin an yi masa wayo, domin shi ma da zai yi haka a gidansu.

4.3 Magana Mai Harshen Damo

Daga kawaici sai a gangaro ga zance mai fuska biyu. Hausa tana da wadatar habaici da zaurance da karin magana da gugar zana, kuma dukkansu suna aiki ne bisa sharaɗin cewa wani ya gane, wani bai gane ba. Jimloli irin su "babu komai", da "Allah ya kai mu", da "na gode da abin da aka yi mini", ma'anarsu tana sauyawa gwargwadon sanin mai sauraro. Idan attajirin da ya ɓad da kama ya ce wa wanda ya kore shi, "Wata rana sai labari," wanda aka faɗa wa zai ɗauka ban-haƙurin talaka ne ga kansa, mai kallo kuwa gargaɗi ya ji. Hatta kalmomin kira suna ɗauke da wannan nauyi. Ranar da budurwa ta daina cewa "Alhaji" ta koma "Malam", ko ta daina "Yaya" ta kira sunan yanka, mai jin Hausa ya san ƙasa ta motsa ko da ba a ɗaga murya ba. Wannan ne ya sa fassarar Ingilishi da ake rubutawa a ƙasan hoto takan isar da labari, amma ta bar rabin jan ran a baya.

4.4 Hoto, Shiru da Kiɗa

Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993 mai hedikwata a Abuja, da takwararta ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, tare da idon jama'a, sun taƙaita abin da za a iya nunawa, musamman taɓa jiki tsakanin namiji da mace. Ƙarancin jari kuma ya taƙaita tseren motoci da fashe-fashe. Abin da ya rage a hannun mai ba da umarni shi ne fuska, da ƙofa, da waya, da shiru. Saira yakan kusanto da kyamara ga fuskar wanda ake faɗa wa magana fiye da mai faɗar ta, domin a wurin mai sauraro ne ake ganin inda maganar ta sauka. Sallama daga bakin ƙofa a tsakiyar zancen sirri, ko waya ta yi ƙara a hannun wanda bai kamata ya ɗauka ba, sun isa su yi aikin da bindiga ke yi a wani fim ɗin.

Ta fuskar waƙa ma an samu sauyi. Tun bayan Sangaya a 1999, rawa da waƙa suka zama abin da ke sayar da fim, ko da kuwa sun katse labari a inda bai dace ba. Fina-finai masu dogon zango sun rage wannan ƙwarai. A Labarina, waƙoƙin Naziru M. Ahmad sukan zo ne a bayan hoto, su faɗi abin da kunya ta hana tauraro faɗa, labari kuma yana ci gaba da tafiya.

4.5 Yanke Kashi

Dabara ta ƙarshe ita ce sanin inda za a tsaya. Yankewa iri biyu ce. Akwai wadda ake yi kafin a ba mai kallo wani abu, a bar shi da yunwar da ya zo da ita. Akwai kuma wadda ake yi bayan an amsa masa tambaya ɗaya, amsar kuma ta haifi wata tambayar da ta fi ta farko girma. Ta biyun ita ce ta gwani, domin mai kallo ya tashi da riba a hannu, ga kuma bashi da zai dawo karɓa ranar Juma'a.

5.0 Tsakanin Jan Rai da Jan Lokaci

Kasuwar da ta haifi waɗannan dabaru ita ce kuma take yi musu barazana. Kuɗin shiga a YouTube ya dogara ne ga yawan masu kallo da tsawon lokacin da suka ɗauka suna kallo, tallace-tallace kuma suna bin shirin da ya daɗe yana jan jama'a. Saboda haka akwai kwaɗayin a miƙa labari fiye da ƙarfinsa. A nan ne jan rai yake rikiɗa ya zama jan lokaci, wato a riƙa maimaita fitowa iri ɗaya, ko a cika kashi da gaishe-gaishe da tunanin baya, alhali babu abin da ya ƙaru a sanin mai kallo ko a hatsarin da tauraro ke ciki. Ma'aunin rarrabe su mai sauƙi ne: a jan rai, kowane jinkiri yana ƙara tsadar gaskiyar da ake ɓoyewa, a jan lokaci kuwa farashinta yana nan inda yake.

Mai kallon yau ma ya bambanta da na gidan silima. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa Bahaushe da ke zaune a Kubwa ko Nyanya ko Gwagwalada, nesa da garinsu, a wayarsa yake kallo da datar da ya saya da kuɗinsa, kuma da ɗan yatsa ɗaya zai iya tsallake duk abin da ya gundure shi. Wanda ya shiga silimar Rex ta Kano, da aka buɗe a 1937, ba shi da wannan iko. Ke nan bai wadatar a ƙawata ƙarshen kashi kaɗai ba, sai an sa tsakiyarsa ta zama abin da ba ya tsallakuwa.

Akwai kuma matsalar da ke tasowa daga ɗaukar shiri ana cikin nuna shi. Labarina ya gamu da wannan a fili. Mutuwar Mahmud, wadda ta zo tare da ficewar Nuhu Abdullahi daga shirin, ta fi kusa da ba-zata bisa rabe-raben da aka yi a sama. Da Nafisa Abdullahi ta bar shirin a 2022, sai aka ɗora Fati Washa a matsayin Sumayya, wanda ya tilasta wa mai kallo ya mayar da shekara biyu na tausayi daga wata fuska zuwa wata. Tun da jan rai ya dogara ne ga damuwar mai kallo da makomar mutum takamaimai, irin wannan sauyi yana taɓa tushen ginin. Komawar da aka yi daga baya ga sabon labari mai sababbin taurari a ƙarƙashin tsohon suna ta buɗe wata mafita, domin ta ba da damar labari ya samu farko da ƙarshe, sunan da kasuwa ta sani kuma ya ci gaba. Haka nan dakatarwar da Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta yi wa fina-finai 22 masu dogon zango a watan Mayu na 2025, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin rashin gabatar da su don tacewa, ta nuna yadda saurin fitar da kashi duk mako yake karo da tsarin da aka gina tun zamanin kaset.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa jan rai ya bambanta da ba-zata da ɗaure kai, kuma yana da tushe a tatsuniya da rubutaccen zube tun kafin zuwan bidiyo. An kuma ga cewa ƙarfin salon Aminu Saira yana cikin ba mai kallo sani da wuri, sannan a bar kunya da kawaici da magana mai harshen damo su riƙe gaskiya har lokacinta ya yi, rauninsa kuwa yana bayyana ne a inda lissafin kasuwa ko ficewar ɗan wasa suka karɓe ragamar labari. Wannan ya nuna cewa nazarin fim ɗin Hausa aiki ne da ya shafi masana harshe kai tsaye. Akwai buƙatar a rubuta maganganun zaɓaɓɓun fitowa kalma da kalma, a nazarci kalmomin kira da wuraren shiru da ke cikinsu, a kuma kwatanta su da na fina-finan Yarbanci da Ibo, domin a ga ko kowane harshe yana da tasa hanyar jinkirta gaskiya. Haka kuma ya dace cibiyoyin nazarin harsunan Nijeriya su zauna da masu sana'ar a daidaita keɓaɓɓun kalmomin fim, tun da su ma suna da nasu kalmomin da suke aiki da su a wurin ɗauka.